Ƙwanƙwasa da Kamfanin Kibiya Uku

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da ƙarfe goma da kwata na safe, Akawu ya fara ganin Ƙwanƙwasa, kuma a lokacin Ƙwanƙwasa yana lasar murfin injin babur. Ranar ce Akawu ya kama aiki da ƙungiyar masu sayar da kayan babur. An ba shi teburi mai ƙafa uku da rabi a bakin layin shagunan, da sabuwar rajista, da rula, aka ce duk ƙarfen da aka yi gardama a kansa ya rubuta kamanninsa da hukuncin da aka yanke. Da ya tambayi wanda ke yanke hukuncin, sai aka nuna masa wani dattijo a kan benci, harshe a waje.

Ƙwanƙwasa yana da shekara hamsin da takwas a lokacin. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, bayansa a sandare kamar an ɗaura masa katako, domin shekarun da ya yi a sunkuye gindin babura sun cinye masa ƙugu. Tun da likita ya hana shi sunkuyawa ya ajiye sifana ya koma benci. Ba ya iya duban ƙasa; ko takalminsa da ƙafa yake lalubo shi. Abu biyu suka rage masa na taƙama. Na farko ƙaramin cokalin shayi da ke aljihun gabansa, wanda ya jawo masa sunan da ya binne na yanka. Na biyu gashin baki, baƙi wuluk, mai lanƙwasa biyu kamar hannun babur, wanda reza ba ta taɓa ba tun ranar da ubangidansa ya yaye shi daga koyon aiki, shekara talatin da shida ke nan. Kowace safiya da tsohon buroshin haƙori yake taje shi.

Ga yadda yake aiki. In aka miƙo masa ƙarfe, sai ya rataye shi da zare, ya ƙwanƙwasa da cokali sau uku, ya kara kunne. Daga nan ya shafa da babban yatsa, ya nemi abin da yake kira ɗinki, wato layin da ɓari biyu na mazubi suka haɗu, sannan ya nemi cibiya, inda narkakken ƙarfe ya shiga aka yanke. Yakan ce wanda inji ya zuba fatarsa sumul take, kuma a cikinsa akwai 'yan da'irori inda aka tunkuɗo shi waje. Wanda aka zuba a yashi kuwa fatarsa kamar ta lemo ce, yana da nauyi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Wannan duk ilimi ne na gaskiya, ba makaniken da ya taɓa musa masa. Lasar ce ba wanda ya san amfaninta. Shi dai ya ce harshe yana jin abin da ya ɓoye wa ido, kuma tunda bai taɓa kuskure ba, aka bar shi da harshensa.

Murfin da yake lasa ran nan na wani tsohon samfurin babur ne da mahaya ke kira Tsohuwa, wanda aka daɗe da daina shigo da kayansa. Wani dillali da ake kira Mai Kwali ne ya kawo shi, cikin kwali mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa, ya ce daga ƙetare yake. Mai saye ya yi shakka, aka zo benci.

Ƙwanƙwasa ya mayar da harshe, ya ce, "Zubin yashi ne. Amma ba yashin nan ba. Yashin nan ba shi da wannan ladabi. An tankaɗe shi ya fi sau biyar." Ya sake lasa, ya lumshe ido. "Gishiri. Ta ruwa ya zo. Ya kai wata biyu a jirgi."

Sannan ya juya murfin, yatsansa ya tsaya a kan wata alama da ta ɗan taso: layi uku da suka fito daga wuri ɗaya, na hagu ya ɗan karkace, da wani ɗan guntu a baya.

"Ga tambarinsu," in ji shi. "Kibiya uku daga kwari ɗaya. Kamfanin Kibiya Uku."

Mai saye ya ce, "Baba, ka taɓa jin sunansu?"

"Manyan kamfanoni ba sa talla, ɗana. Ƙanana ke ihu."

A shagon da ke kallon bencin akwai wani makanike da ake kira Dogo, wanda suka yi koyon aiki tare da Ƙwanƙwasa a wurin ubangida ɗaya, kuma tun lokacin bai yarda da shi a kan komai ba, har da lokacin agogo. Dogo ya leƙo yana goge hannu da tsumma.

"Ni dai warin bayan kasuwa nake ji a jikin murfin nan."

"Hancinka cike yake da giris, Dogo, ko turare aka ba ka warin bayan kasuwa za ka ji."

"To rantse mana, mai harshe."

Ƙwanƙwasa ya juya da dukan jikinsa, don wuyansa ba ya juyawa shi kaɗai, ya dubi teburin nan mai ƙafa uku da rabi. "Kai ne sabon akawun? Rubuta. Wannan murfi zubin yashi ne, kuma daga ƙetaren teku ya zo. In ba haka ba ne, a aske mini gashin baki a tsakiyar layin nan, da rana tsaka."

Akawu ya rubuta kalma da kalma, ya sa shaidu biyu suka sa hannu. Da yake an ba shi rula kuma ba a gaya masa abin da zai yi da ita ba, sai ya auna tambarin: santimita biyu da ɗigo huɗu. Dogo kuwa a ranar ya sayi reza ya sa a aljihu.

Murfin ya yi kyau, wannan ba gardama. Ba ya yoyon mai, bai tsage ba, ramukan noti sun zauna daidai. Kafin wata biyu duk mai Tsohuwa a garin yana neman Kibiya Uku, kuma duk wanda ya saya sai ya biyo ta benci a lasa masa, a tabbatar na asali ne. Akawu yana rubutawa, yana aunawa. A watan Yuni ya fara jin wani abu yana damunsa. A watan Yuli ya ɗauki rajista ya tsallaka zuwa benci.

"Baba, tambarin nan girma yake yi. Ya fara da biyu da ɗigo huɗu, yanzu biyar da ɗigo ɗaya."

"Kamfani ne yake bunƙasa."

"Kuma ba ya zama wuri ɗaya. Yau a tsakiya, gobe a gefe, jiya ma rabinsa ne kawai ya fito a baki."

"Kowane injiniya da kusurwarsa. Kai wuri ɗaya kake sa hannu kullum?"

"Eh, Baba."

"Shi ya sa kake akawu."

A watan Agusta wasu 'yan ɗigo-ɗigo suka bayyana kewaye da tambarin, wani lokaci uku, wani lokaci goma sha ɗaya. Ƙwanƙwasa ya ce lambar sirri ce, don masu jabu su rasa gane kanta. A watan Oktoba tambarin ya tsaya a bakwai da ɗigo shida, ya ce sun kai matsayin da suke nema. A watan Disamba sai ga wasu ƙananan tambura suna bin babban, sahu-sahu, amma nasu kibau a miƙe suke. Ƙwanƙwasa ya ƙirga su da gilashin masu gyaran agogo, ya ce kamfanin ya buɗe rassa biyar. Bayan sati uku suka koma huɗu. Ya girgiza kai da tausayi ya ce an rufe reshe ɗaya, haka kasuwa take.

Daga nan labari ya fi ƙarfin benci. Akwai wanda ya ce kawunsa ya taɓa wucewa ta ƙofar masana'antar, bene bakwai ce. Wani ya ce mai kamfanin tsohon maharbi ne. Ƙwanƙwasa bai tabbatar ba, bai ƙaryata ba, sai dai ya shafa gashin baki ya ce akwai abin da ba a faɗa a kan titi. A ƙarshe shugaban ƙungiya ya ce tunda haka ne, a rubuta Kibiya Uku a allon ingantattun kamfanonin waje da ke bakin layi. Aka sa taro ranar Asabar, ashirin da ɗaya ga Fabrairu, inda Ƙwanƙwasa zai dangwala yatsa a rajista a gaban kowa, daga nan maganar ta rufu, Dogo ya je ya nemi abin da zai yi da rezarsa.

Ranar Alhamis da safe, saura kwana biyu, maiɗakin Ƙwanƙwasa ta wanke dakalin ƙofar ɗaki da ruwan sabulu. Shi kuwa ya fito ya taje gashin baki, ido a sama yadda ya saba, ya taka. Ƙafa ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma, ya zo ƙasa rub da ciki, hancinsa a kan siminti. Shekara bakwai rabon da ya ga ƙasa kusa haka.

A gaban hancinsa, a kusurwar dakalin, akwai layi uku da suka fito daga wuri ɗaya, na hagu ya ɗan karkace, da wani ɗan guntu a baya.

Matar ta fito da gudu, hannu duk kumfa. "Malam, ka karye ne?"

"Kawo mini rula."

"Rula ko mai ɗori?"

"Rula na ce, uwar yara. Tana cikin jakar makarantar autarki."

Ta kawo, ya auna yana kwance. Biyu da ɗigo biyu. Lambobin Akawu sun zauna masa a ka saboda yawan nanatawa, ya san wannan ƙanen na farkon ne da ɗigo biyu kacal.

"Yaushe aka yi simintin nan?"

"Ƙarshen Maris na bara. Kai ka yi ta faɗa da magini."

"Wa ya taka shi yana ɗanye?"

Ta leƙa. "Au, wannan? Sawun tsakuwar nan ce da ka ɗora wa ƙafar kujera a yatsa, ba ka gani ba, ta yi ta kuka kana cewa a kashe rediyo. Da ta yi maka kashi a hula ka ce ko ita ko kai a gidan nan. Na yi tunani kwana biyu, sannan na kai ta wurin ƙanena."

Ƙwanƙwasa ya daɗe a kwance. Da ta ce bari ta kama shi ya tashi, ya ce ta bar shi tukuna, nan ɗin ma ba laifi.

Ƙanen matar tasa shi ake kira Mai Tukwane. A bayan kasuwa yake, kusa da rafi, yana narka alminiyam yana zuba tukwane da ludaya. Shekara shida Ƙwanƙwasa bai taka wurin ba, domin a ganinsa wannan ba aikin ƙarfe ba ne, girki ne da ƙarfe a madadin miya. Ran nan ya je, yana ɗingishi, hanci a kumbure.

Filin yana nan yadda ya san shi: murhu a rami, zuga-zugin da aka yi da wilin keke, tulin tsofaffin fistin da tukwanen da suka huje suna jiran wuta. Abin da bai sani ba shi ne layin akwatunan katako guda takwas da aka buɗe a rana, kowanne cike da danƙararren yashi, a tsakiya an danna siffar murfin injin Tsohuwa. Mai Tukwane yana tsugune ya juya masa baya, yana barbaɗa dusa a bakin akwati, yana kira da murya mai taushi.

"Manaja, zo mana. Manaja, takwas ne kawai yau."

Wata jar kaza mai ƙiba ta taho ba gaggawa, 'yan budurwar kaji huɗu suna biye da ita. Ta hau akwati na farko, ta taka sau ɗaya, ta caccaki dusa, ta wuce na biyu. Yatsanta na hagu a karkace.

Ƙwanƙwasa ya yi gyaran murya. Mai Tukwane ya waiwayo, kwanon dusa ya suɓuce masa.

"Yaya. Sannu da zuwa. Me ya sami hancinka?"

"Bar hancina. Ina na biyar?"

"Na biyar wa?"

"Reshen da aka rufe."

Mai Tukwane ya dubi kajin, ya gane. "Shirwa ce ta ɗauke ta, Yaya."

Ya jawo masa turmi ya zauna, ya ba shi labari tun daga farko. Mai Kwali ne ya kawo masa tsohon murfi ya ce ko zai iya zuba irinsa. Ya danna shi a yashi, ya cire, ya bar akwatin a rana ya sha iska, tsakuwa ta bi ta kai. Ƙarfe ya riga ya narke, ba lokacin sake wani, sai ya zuba a haka, da niyyar goge sawun da magagari, ya manta. Ramin da ke cikin yashi shi ke fitowa tudu a jikin ƙarfe, kowa ya san wannan. Na biyu da na uku ya zuba su sumul, Mai Kwali ya dawo da su ya ce masu saye sun ƙi, wai ba tambari, jabu ne. Tun daga ranar kaza ta shiga aiki.

"Ɗigo-ɗigon fa?"

"Bakinta ne. In tana jin yunwa sun fi yawa."

"Gishirin?"

"A tsofaffin buhunan gishiri nake ɗaure su. Su ke da arha."

"Yashin?"

"Na rafin nan ne. Da tsohuwar rariyar Yaya mace nake tankaɗewa."

"Sau nawa?"

"Sau shida."

"Na ce ya fi sau biyar," in ji Ƙwanƙwasa, ya ɗan gyara zama. Sannan fuskarsa ta sake ɓaci. "Kai, wata goma kana jin ana cewa ni na ce bene bakwai, ni na ce jirgin ruwa, ba ka zo ka ja ni gefe ba?"

Mai Tukwane ya sosa ƙeya. "Yaya, shekara ashirin da ka auri yayata ban taɓa jin ka yabi ko ludayina ba. Ran da Mai Kwali ya ce mini ka ce yashina yana da ladabi, sai na ce bari in ɗan ƙara ji. Kullum sai in ce gobe zan je, gobe kuma sai ka ƙara wani yabon."

Ƙwanƙwasa ya ɗauki wani murfi da ya huce, ya rataye da zare, ya ƙwanƙwasa sau uku. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, cikakkiya, ba rami ko ɗaya a ciki.

"Ka yi shiru kawai, Yaya," in ji Mai Tukwane. "Jibi ka dangwala yatsa. Ni ba zan faɗa ba, Mai Kwali ba zai faɗa ba, Manaja kuwa ka ga ba ta da surutu."

Ranar Juma'a Ƙwanƙwasa bai je benci ba, abin da Akawu ya rubuta a gefen shafi domin bai taɓa faruwa ba. Ya zauna a tsakar gida da madubi da buroshi, yana taje hagu, yana taje dama. Ya lissafa abin ta kowace fuska. In ya yi shiru, gashin baki ya tsira, amma duk safiya zai wuce ta gaban allo ya ga sunan kaza a tsakanin manyan kamfanoni, da yatsansa a ƙasa. Kuma duk wanda ya kawo masa ƙarfe daga ranar, shi da cokalin za su san abin da suka sani. Abin da ya fi cin ransa ma shi ne aikin yana da kyau, kuma shi da bakinsa ya kwashe yabon ya kai wa wasu mutanen bene bakwai da ba a haifa ba.

Matarsa ta wuce da tsintsiya, tana danne dariya tun jiya.

"Gashi ne, Malam. Zai tsiro."

"Shekara talatin da shida, uwar yara."

"Ni kuwa ban taɓa ganin leɓenka na sama ba. Ko don wannan ma zan zo."

Ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya layi ya cika. An fito da teburin Akawu tsakiya, an sa masa dutse a ƙarƙashin gajeriyar ƙafa, rajista a buɗe, kushin tawada a buɗe a gefenta. Mai fenti yana tsaye gaban allo da burushi. Sai ga Ƙwanƙwasa ya taho, Mai Tukwane a bayansa ɗauke da akwatin yashi a ka, shi kuma Ƙwanƙwasa rungume da kwando a rufe. Mai Kwali yana hango su ya tuna yana da saƙo a tasha.

Shugaba ya ce, "Baba, ga rajista. Dangwala mu tashi."

"Ranka ya daɗe, na zo da manajan kamfanin. Ya fi kyau ita ta sa hannu."

Ya buɗe kwando. Manaja ta miƙa wuya ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Mai Tukwane ya ajiye akwati, ya barbaɗa dusa, ya yi kira, ya yi lallashi. Ta ƙi. Ya ce ba ta saba aiki a gaban mutane ba. Dogo ya ce ko sai an kawo mata kujera mai juyawa. Ana cikin haka wani ya tayar da babur a baya, kaza ta firgita, ta tashi fir, ta sauka a kan teburin Akawu, ta taka kushin tawada, ta taka tsakiyar shafi, ta tsaya nan tana kallon shugaba.

Akawu ya ɗaga ta a hankali ya miƙa wa mai ita, ya ɗauki rula.

"Bakwai da ɗigo shida," ya ce. "Na hagu a karkace."

Dariyar da aka yi, mai fenti sai da ya zauna a kan gwangwaninsa. Ƙwanƙwasa ya jira ta lafa, sannan ya yi bayani a tsaye, tun daga dakalin ƙofarsa har buhun gishiri, bai rage komai ba. Ya ce murfin nan a bayan kasuwa aka zuba shi, da yashin rafi da tsofaffin tukwane, kuma ƙanen matarsa ne ya zuba, kuma a duk shekarunsa bai ƙwanƙwasa zubin yashin da ya fi shi ba. Mai Tukwane ya sunkuyar da kai yana shafa kaza.

Dogo ya riga ya fito da reza. Takardarta har ta yi baƙi don daɗewa a aljihu.

"Zauna, abokina. Rana ta kusa tsaka."

Ƙwanƙwasa ya zauna a benci ya rufe ido. Sai Akawu ya ɗaga hannu, ya buɗe shafi na ɗaya, ya karanta rantsuwar yadda aka faɗe ta. Ya ce a iya fahimtarsa magana biyu ce a ciki: zubin yashi ne, wannan ta tabbata, daga ƙetaren teku ya zo, wannan ta faɗi. Shi dai abin da ke rubuce ya karanta.

Aka yi minti arba'in ana gardama. Dogo ya ce rafin bayan kasuwa ba teku ba ne ko da damina. Wani ya ce ai ba wanda ya ce teku ne. Shugaba ya buga teburi, dutsen ya zame, ya yanke cewa rabin magana ta faɗi, rabin gashi zai tafi. Aka ƙara minti goma a kan wane rabi, har aka tsaya a kan hagu, saboda yatsan kaza.

Dogo ya yi askin da kansa, kuma an shaida ya yi shi da hankali, bai yanke shi ba. Da ya gama ya ce, "Kawo in ƙarasa maka ɗayan, ka yi kama da mutane."

"Bar shi," in ji Ƙwanƙwasa. "Wannan ɓangaren gaskiya ya faɗa."

Matarsa, da ke tsaye bayan jama'a, ta leƙo ta daɗe tana kallo, ta ce leɓen ba laifi, amma da ta sani da ba ta matsa ba.

Haka ya yi wata uku yana zuwa benci da rabin gashin baki, yana taje shi kowace safiya. Ba a rubuta Kibiya Uku a allo ba. An buɗe wani sabon layi a ƙasa, na ingantattun kayan gida, aka rubuta Sawun Kaza, kuma mahaya suka ci gaba da saye, yanzu kai tsaye daga bayan kasuwa. Kafin shekara ta zagayo wasu masu zubi uku suka sayi kaji, aikin Ƙwanƙwasa ya koma bambance sawun Manaja da na sauran, kuma a wannan bai taɓa kuskure ba, domin shi ya karkata yatsan da kujerarsa. Ya daina lasa.

Manaja ta mutu bayan shekara huɗu, da tsufa. Mai Tukwane ya riga ya zuba siffar ƙafarta da alminiyam, da ita yake danna yashi har yau. Ƙwanƙwasa ya ƙara shekara shida a benci, sannan idonsa ya yi rauni ya koma gida. Ya bar wa Dogo cokalin, Dogo yana juya shayi da shi. Gashin bakin ya tsiro ya cika, sai dai na hagu fari fat ya fito, na dama yana nan baƙi. Shafin da kaza ta taka yana cikin rajista ta ɗaya, shafi na tamanin da bakwai.